Ƙafata ce ta yi wa jikina kaɗan? Amsa kan nauyi, girman sawu da matsin tafin ƙafa

"Assalamu alaikum, likita. Shekarata 52, ina sayar da yadi a kasuwa, kusan wuni nake a tsaye. Nauyina kilo 108, lambar takalmina 41. Shekara shida ke nan da aka ce ina da ciwon suga. Yanzu diddigena na dama yana yi mini ciwo idan na sauko daga gado da asuba, sannan wata kanta ta fito mini a gindin yatsa na biyu, ina kankare ta da reza tana dawowa. Maƙwabcina a kasuwa nauyinmu kusan ɗaya, amma shi 45 yake sawa, kuma bai taɓa kukan ƙafa ba. Ya ce ƙafata ce ta yi wa jikina kaɗan. Gaskiya ne? In sayi takalmi babba ne, ko kuwa sai na rage ƙiba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, don Allah ka ajiye rezar nan daga yau. Zan zo kan dalili, amma ba na so ka kai ƙarshen amsar nan da ita a hannunka.

Idan na fahimce ka, kana son sanin ko mai ƙaramar ƙafa da jiki mai nauyi yana danne tafin ƙafarsa fiye da mai babbar ƙafa, ko wannan ne ya kawo ciwon diddigen da kantar, sannan wanne ne mafita tsakanin babban takalmi da rage ƙiba. Aikina a sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, wanda aka fi sani da fisiyo, kuma ƙafafun masu ciwon suga na cikin abin da muka fi gani. Maƙwabcinka ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma yankin da ya fi ƙanƙanta a cikin lamarinka.

Inda maƙwabcinka ya yi daidai

Matsi shi ne nauyi a raba shi da faɗin wurin da ya sauka a kai. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya a ka ya san wannan: gammo ba ya rage ko giram ɗaya daga nauyin tulu, yana dai baza shi ne a kan fili mai faɗi, sai tsakar kai ta huta. A wannan fuskar, babbar ƙafa ta fi ƙarama baza nauyi.

Amma mu ga nawa ne bambancin. Lambobin takalmi irin su 41 da 45 tsarin Turai ne, kuma kowace lamba ɗaya kashi biyu bisa uku na santimita ce. Ke nan tsakaninka da shi akwai tsawon santimita 2 da rabi da ɗan ɗoriya. Idan ƙirar ƙafarku ɗaya ce, filin tafinsa zai fi naka da kusan kashi 20 cikin 100. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa wurin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafarka murabba'in santimita 120 ne. Ƙafa biyu 240 ke nan. Raba kilo 108 da 240, sai ka sami giram 450 a kan kowane murabba'in santimita. Shi kuma da yake da kusan 290, zai sami wajen giram 370. To ka ga akwai bambanci, ba a musa ba.

Akwai kuma wani abu da ke ƙarfafa maganarsa. Ƙasusuwan ƙafa 26 ne, kuma sukan gama girma tun mutum yana ɗan shekara 14 zuwa 16 ko kusa da haka. Ƙafar da ka samu kana saurayi mai kilo 60 ko 65, ita ce dai take ɗauke da 108 a yau. Takan ɗan bazu, kwarmin tsakiyarta ya sauko ya fara taɓa ƙasa, gabanta ya ƙara faɗi, amma wannan ƙarin bai kai ko kusa da ƙarin nauyin ba. Wani bincike da Andrew Hills da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna haka ƙarara: masu ƙiba sun fi marasa ƙiba faɗin gaban ƙafa, duk da haka matsinsu ya fi yawa, musamman a tsakiyar tafi da ƙarƙashin gindin yatsu. Mata ma sukan ga irin wannan bazuwar lokacin goyon ciki, har wata ta haihu takalmanta na da su ƙi shiga, kuma sau da yawa ƙafar ba ta komawa yadda take.

Inda lissafin ya gaza

Giram 450 ɗin nan da muka samu, babu wani wuri a tafin ƙafarka da yake jin sa daidai. Matsakaici ne kawai a kan takarda. Ƙafa ba ta raba nauyi daidai-wa-daida. A 1987 Peter Cavanagh da abokansa a Amurka sun auna mutane masu lafiyar ƙafa suna tsaye ba takalmi, suka ga kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin a diddige yake sauka, kashi 28 a gindin yatsu, kashi 8 a tsakiyar tafi, yatsun kansu kuwa kashi 4 kacal. A tsaye ke nan, ba motsi.

Da zarar ka ɗaga ƙafa za ka yi tafiya, labari ya sauya. Ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar jikin duka a kowane taku, kuma ƙarfin da take buga ƙasa da shi yakan ɗan haura nauyin jikin. A gudu kuwa yakan kai ninki biyu zuwa uku. A ƙarshen takun, lokacin da diddige ya tashi kana shirin tunkuɗa jiki gaba, duk wannan nauyin yana taruwa ne a kan kawunan ƙasusuwa biyar da ke gindin yatsu da kuma babban yatsa. A daidai wannan ɗan lokacin, mai lafiyar ƙafa da ke tafiya ba takalmi yakan kai kilo 3 zuwa 5 a kan murabba'in santimita ɗaya. Wanda ƙashinsa ɗaya ya turo ƙasa, ko gaɓarsa ta sandare, yakan kai kilo 8, 10, ko fiye. Ka kwatanta: girman sawu ya kawo bambancin kashi 20 cikin 100, ƙirar ƙafa kuwa tana iya ninka matsin sau biyu ko uku a wuri ɗaya. Kuma wannan wuri ɗayan shi ke fashewa, ba tafin gaba ɗaya ba.

Shi ya sa da Cavanagh ya sake auna maza masu ciwon suga a 1991, yana neman ko nauyin jiki zai nuna masa waye zai fi matsi a tafin ƙafa, sai ya tarar nauyin bai bayyana ko kashi 14 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu ba. Sauran duk daga wasu abubuwa yake. Wannan bai ci karo da binciken Hills ba. Idan kai ɗin nan ka ƙara kilo 20, ko ka ɗora jarkar ruwa mai lita 25 a ka, matsin ƙafarka zai hau, babu makawa. Amma idan aka jera mutum ɗari aka ce a nuna wanda ƙafarsa ke cikin haɗari, sikeli ba zai nuna shi ba. A wurin aiki ina ganin tsoho siriri, wanda bai kai kilo 55 ba, da gyambo a gindin babban yatsa, a gefensa kuma ga ƙato mai teɓa da tafin ƙafa sumul.

Abubuwan da suka fi nauyi tasiri kuwa, na farko a wurina shi ne agara. Idan agara da naman sha-raɓa suka ɗaure, idon sawu ba ya lanƙwasuwa sama yadda ya kamata, sai diddige ya riƙa tashi da wuri a kowane taku, nauyi ya daɗe a kan gaban ƙafa. Ciwon suga da ya daɗe yana taurara jijiyoyi da gaɓoɓi, don haka masu shi sun fi faɗawa wannan. Sai kuma yatsu. A ƙarƙashin kowane kan ƙashi akwai wani matashin kitse da Allah ya shimfiɗa don ya tare shi daga ƙasa. Idan ƙananan tsokokin cikin ƙafa suka yi rauni, yatsun sukan ƙudundune su ɗago sama, su janye matashin nan gaba, a bar ƙashi da fata kawai suna gogayya da ƙasa. Kada ka ɗauka ƙibar jiki tana ƙara kaurin wannan matashi yadda zai kare ka. Kitsen tumbi daban, na tafin ƙafa daban. Mai dogon kwarmi, wanda sawunsa a yashi ke nuna diddige da gindin yatsu kawai da ɗan siririn layi a gefe, shi ma filin da yake takawa kaɗan ne ko da 45 yake sawa. Saurin tafiya na ƙara matsi a diddige da babban yatsa. Takalmi mai tsini kuma yana kwashe nauyi daga diddige ya jibge shi a gindin yatsu.

Kantar da ke gindin yatsanka

Wannan ce ta fi damuna a cikin tambayarka, fiye da ciwon diddigen nesa ba kusa ba. Kanta ba ta fitowa haka siddan. Fata ce ke kare kanta a wurin da aka fi danne ta, saboda haka ita ce ke nuna mana inda matsi ya taru ba tare da wata na'ura ba. Gindin yatsa na biyu kuwa sananne ne da wannan, domin ƙashinsa ya fi sauran kafuwa, kuma a wurin mutane da yawa shi ya fi tsawo.

A nan sai a bambance. Kaurin fata na manomi ko makiyayi da ya saba tafiya ba takalmi, wanda ya mamaye tafin gaba ɗaya, wani abu ne dabam. Wani bincike da aka yi a Indiya a 2009 ya nuna waɗanda suka tashi ba sa sa takalmi ƙafarsu ta fi faɗi, kuma matsinsu ya fi bazuwa. Taka kuwa dunƙule ce a wuri ɗaya, mai tauri, kuma kowane taku yana tura ta cikin naman da ke ƙarƙashinta. Ta fito don ta kare, sai ta koma tana ƙara matsin. Likitoci a Mancesta ta Ingila sun auna a 1992 suka ga cire kanta daga ƙafar mai ciwon suga ya rage matsin wurin da kusan kashi 26 cikin 100. Ke nan cire ta daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne wanda ke cirewa da abin da yake cirewa da shi. Reza a hannunka, ko askar mai yankan farce a bakin kasuwa, ba ta san inda mataccen fata ya ƙare rai ya fara ba, kuma idan jin ƙafarka ya ragu, kai ma ba za ka sani ba sai ka ga jini.

Ka sami haske mai kyau da madubi ka duba ta yau. Idan ka ga ɗigo baƙi ko ja-ja a cikinta, kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, to naman ciki ya fara mutuwa, gyambo ne ke shirin buɗewa. Mukan ga wannan sosai: a sama busasshiyar kanta, a feƙe ta a hankali sai ga rami mai ruwa a ƙasa, mai ita kuma yana cewa shi bai taɓa jin komai ba.

Rashin jin nan shi ne asalin musibar. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu cutar kuturta a Vellore ta Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsu da tafin ƙafa kai tsaye ba. Jijiyar ji ce ke mutuwa, sai mutum ya yi ta taka wuri ɗaya sau dubbai bai ji zafin da zai sa ya ɗingisa ko ya zauna ba. Matsin ba sai ya yi yawa ƙwarai ba; maimaituwarsa ce ke kashe nama. Daga nan aka fara yi musu takalman roba mai laushi, irin waɗanda asibitocin kuturta ke bai wa majinyata har a ƙasashenmu. Daga baya aka gane ƙafar mai ciwon suga hanya ɗaya take bi. Alƙaluman da aka wallafa a 2017 sun nuna tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka warke yakan dawo musu cikin shekara guda. Jin ciwon diddige da kake yi ba ya tabbatar da cewa gaban ƙafarka na ji, domin sagewar daga yatsu take farawa ta yo baya. Gwajin ba shi da wuya: wani ɗan zaren roba ne da ke lanƙwasa idan ya danna da nauyin giram 10, a taɓa maka wurare a tafin ƙafa idonka a rufe. Ka nemi a yi maka shi a asibitin da kake karɓar magani, a kuma taɓa bugun jini a bayan ƙafarka da bayan idon sawu.

Ciwon diddigen

Yadda ka kwatanta shi, ciwo a takun farko da asuba, ya yi kama da na wata faffaɗar jijiya da ta tashi daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu, wadda ke riƙe da kwarmin ƙafa. Wannan ja ne ya fi yi mata illa, ba danniya ba. Kuma a nan nauyinka yana da hannu sosai. Binciken Daniel Riddle na 2003 ya nuna masu ƙiba sun fi marasa ita shiga wannan ciwon da wajen ninki biyar, masu wuni a tsaye da fiye da ninki uku, amma abin da ya fi duka shi ne ɗaurewar idon sawu. Biyu daga ciki ka riga ka faɗa mini kana da su, na ukun kuma ina kyautata zaton za a same shi idan aka duba. Idan haka ne, to abu ɗaya ne ke ciyar da ciwon diddigen da kantar.

Ban ga ƙafarka ba, kuma akwai wasu abubuwa da ke kawo ciwon diddige, irin su tsagewar ƙashi ko matsewar jijiya, don haka a duba tukuna. Amma miƙa agara ba ya cutarwa. Ka fuskanci bango ka dafa shi, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, diddige manne da ƙasa, ka tura jiki gaba har ka ji ja a sha-raɓa, ka riƙe daƙiƙa 30. Ka maimaita sau uku, safe da rana da dare, ƙafa biyun duka. Kafin ka sauko daga gado kuma, ka kama yatsun ka ja su sama zuwa ƙwauri. Mafi yawan masu wannan ciwon suna warkewa da haka, sai dai yana ɗaukar watanni, ba kwanaki ba. Idan wani ya ce zai yi maka allura a diddige, ka gaya masa kana da suga, domin irin allurar tana ɗaga suga, kuma yawanta na cinye matashin kitsen diddige. Gashi da ruwan zafi ko kanga ƙafa a garwashi kuwa, ka bar shi sam har sai an tabbatar ƙafar na ji.

Takalmi babba ko rage ƙiba

Takalmi babba ba zai ƙara maka faɗin tafi ba. Idan ka sa 43 ko 44, ƙafar za ta riƙa zamewa gaba da baya a ciki, gogayya ta ƙaru, yatsu su ƙanƙame don su riƙe takalmin, abin da muke gudu ya ƙaru. Silifa mai maɗauri tsakanin yatsu ma haka take sa yatsu yi. Ɗauko tsohuwar silifarka ka duba: za ka ga wani ɗan gurbi ya lotsa, ya yi sheƙi, daidai inda kantar take.

Abin da kake bukata shi ne takalmin da ya yi daidai da ƙafarka kuma yake baza nauyi. Mai yiwuwa ma 41 ɗin ta yi maka daidai a tsawo amma ta matse ka a faɗi, tun da ƙafar ta bazu. Ka taka kwali kana tsaye, wani ya zagaye maka sawun da biro, ka yanke shi ka tafi da shi kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Duk takalmin da kwalin ya naɗe a cikinsa, bar shi. Ya kasance akwai sarari na santimita 1 zuwa 2 a gaban yatsan da ya fi tsawo, gabansa mai zurfi ne, yana da igiya ko maɗauri da zai riƙe ƙafa, ƙasansa mai kauri ne da ɗan tauri, gaban ya ɗan ɗago yadda zai mirgina da kai, a ciki kuma shimfiɗa mai laushi. Mukan yanka wa majinyaci shimfiɗar da ke cike kwarmin tafi, mu sa ɗan tudu a bayan kawunan ƙasusuwan, ba a ƙarƙashinsu ba, don tsakiyar ƙafa ta karɓi wani kaso na kayan. Ma'aunin da ƙwararru a duniya ke nema ga ƙafar da ke cikin haɗari shi ne matsin cikin takalmi ya sauko ƙasa da kusan kilo 2 a murabba'in santimita, ko a rage shi da aƙalla kashi 30 cikin 100. Inda babu na'urar aunawa, kantar ce alƙali: idan bayan an feƙe ta ta daɗe ba ta dawo ba, shimfiɗar na aiki.

Rage ƙiba kuwa ka yi shi, ina ƙarfafa maka gwiwa. Kilo 6 zuwa 10 daga 108 zai taimaki sugarka da gwiwoyinka da diddigen, kuma kowane kilo da ya tafi ya tafi ne daga dubban takun da kake yi kullum. Sai dai kada ka jira shi ya kawar da kantar, domin ƙashin da ya turo yana nan ko ka rame. Tafiya don motsa jiki ba laifi muddin babu rauni kuma takalmin ya dace. Idan diddigen ya matsa, keke ya fi. A shago ka ajiye kujera mai tsayi ka riƙa zama tsakanin ciniki, ka kuma shimfiɗa roba mai kauri inda kake tsayawa kana auna yadi.

Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, balle simintin harabar masallaci da azahar a watan Afrilu. Alwala ta ba ka damar ganin ƙafarka sau biyar a rana, sai ka riƙa dubawa da ido, ka tsane tsakanin yatsu, ka shafa mai a diddige saboda faso amma ban da tsakanin yatsun. Ka zazzage takalmi ka lalube cikinsa da hannu kafin ka sa. Idan ka ga jini a cikin kantar, ko ruwa a safa, ko wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar zafi ko da ba ta ciwo, kada ka kwana, ka tafi asibiti a ranar. In ba haka ba, ka je cikin makon nan, ka tafi da takalmin da ka fi sawa da tsohuwar silifar, domin mai duba ka zai so ganinsu.